Kawu Eliseo da Keken Mama

Daga wurin Allah muka fito, kuma can muke komawa ɗaya bayan ɗaya. Ranar Talata, huɗu ga watan Nuwamba, Allah ya karɓi ran kawuna, Eliseo Archuleta, a bayan gidansa da ke Monticello, jihar Utah. Yana faskaren itacen sanyi zuciyarsa ta tsaya. Ya rasu yana da shekara sittin da takwas.

Kawu, na saba rubuta abin da ya faru kowace rana, amma wannan na fara na soke, na sake farawa, ina tsoron in rage maka ko in ƙara. Mutanen gari sun san ka da gyaran shinge da famfo, da ajiye wa tsofaffi itace a ƙofar gida ba tare da ka ƙwanƙwasa ba. Su za su faɗi wannan fiye da ni. Ni abin da ka yi wa yayarka Ofelia, mahaifiyata, shi zan faɗa.

A ƙarshen sanyin da ya wuce likitan ido ya gaya mana cewa tsakiyar ganin Mama ya riga ya tafi, gefen da ya rage ma da wuya ya kai ƙarshen shekara. A hanyar dawowa ta ce tana so ta ga duwatsun Arches, gandun shaƙatawar nan mai duwatsu masu siffar baka, kafin duhu ya rufe mata ido. Shekara talatin ta yi tana gyara ɗakunan otal a garin Moab da ke daf da wurin, tana canza wa baƙi daga Japan da Jamus zanen gado, amma ba ta taɓa wuce ƙofar gandun ba. Haka muke mu 'yan nan. Hoton shahararren bakan dutsen gandun yana kan lambar motarmu, sai mu ɗauka mun gani, mu bar wa baƙi.

Na shiga shiri irin nawa. Na kama mana izinin shiga tun da wuri, na tanadi ruwa da laima da maganinta. Da yake gwiwoyinta sun daina ɗaukarta, na zaɓi wurin da mota ke tsayawa a hangi shahararren bakan dutsen nan daga nesa. Da na nuna maka, ka girgiza kai.

"Lina, daga can ke mai ido ma sai kin ƙanƙance shi. Me Yaya za ta gani? Sai dai a kai ta ƙarƙashinsa."

Ka zaɓi wani wurin, inda baka biyu suka tashi daga tushe ɗaya, hanyarsa ba tsawo. Na ce yashi zai riƙe keken guragu. Ka ce ba a sani ba sai an gwada.

Sai ka ari keken cocinmu, ka ɗora masa buhunan wake daidai nauyin Mama, ka ɗaure da igiya, ka tafi kai kaɗai. Ka ba mu labarin wata ma'aikaciyar gandu da ta gan ka kana turawa, ta ce, "Baba, waken ma kallo ya zo?" Ka ce mata, "Shi ma ɗan ƙasa ne, bai taɓa shigowa ba." Da Mama ta ji, ta kira ka da sunanka na gida, ta ce, "Wato ni ce buhun wake, ko Cheo? Marar kunya!" Ka ce, "A'a, Yaya. Wake bai yi min mita ko sau ɗaya ba."

A gwajin farko tayoyin suka nutse a yashi. Gefen hanya ƙasa ta fi tauri, amma ka ƙi bi, don baƙin ɓawon da ke kan ƙasar nan mai rai ne, in aka taka shi sai ya yi shekaru bai farfaɗo ba. Ka dawo ka cire tayoyin, ka sa masu kauri na keken hawan dutse, ka koma. Abin da har yanzu nake mamaki shi ne tabaranka. Ka manna takarda a tsakiyar kowane gilashi don ka gani kamar yadda yayarka ke gani, ka je da rana tsaka, ka je da yamma, ka je da safe. Ka dawo ka ce hasken tsakar rana yana wanke komai, amma da safe jan dutsen da shuɗin sama suna rabuwa sarai, ko da gefen ido.

Ranar tafiya, a watan Mayu, aka ce za a yi iska. Na ce ko mu ɗaga, don ban tabbata ba. Ka ce, "Iska za ta tafi ta dawo. Idon uwarki fa?" Muka tafi.

Ka tura ta a hankali, kana gaya mata kowane gangare kafin a kai. Ni ina baya da ruwa. Duwatsun suna tsaye ko'ina, wasu kamar garu, wasu kamar mutanen da aka tsayar suna jira. Da muka isa inda keke ba ya wucewa, ka kwantar da shi baya a kan gwiwarka har fuskarta ta dubi sama, ka ce, "Kada ki kalli dutsen kai tsaye, Yaya. Juya kai hagu."

Ta juya. Ta daɗe ba ta motsa ba, har na fara jin cewa mun makara. Sai ta ce, "Wancan shuɗin, sama ce a cikinsa?"

Ka ce, "Sama ce."

Ta yi alamar gicciye. Bakan nan biyu suna can bisa kanmu, jajaye, da girman da ya sa muryoyin mutane suka koma raɗa, tsuntsaye suna ratsa su. Ruwa da iska suka sassaƙa su tun kafin a yi mai kallo. Mama ta ce, "Duk shekarun nan baƙi suna dawowa da jan yashi a takalma ina sharewa ina tsaki. Ashe daga nan suke." Nauyin ya yi maka yawa, amma ba ka sauke ta ba sai da ta ce ya isa.

Ina yawan tambayar kaina ko turin buhunan nan ya taɓa zuciyarka. Likita ya ce a'a. Na karɓa, ko da yake tambayar tana dawowa.

Kafin kaka ta shigo ganin Mama ya ƙare. Ranar jana'izarka da hannu ta shafa fuskarka. Da muka dawo gida na tambaye ta ko duhun yana ba ta tsoro. Ta ce, "Ba duhu ba ne duka. Cheo ya bar min jan dutse da sama a ciki."

Allah ya jiƙanka, Kawu, ya gafarta maka, ya ba ka hutawa ta har abada a cikin haskensa. Ina miƙa ta'aziyya ga matarka, Anti Erlinda, da 'ya'yanka Amado da Viola, da jikoki, da yayarka Ofelia. Allah ya ba mu haƙuri, ya sa mu cika da kyau. Amin.

Marcelina Gallegos
Monticello, Utah