Ɗan Farina Ya Tafi Bai Ji Sunansa a Bakina Ba

A lokacin tela ce ni a Hunkuyi, mai keke a tsakar gida da baki kamar reza, ga taurin kai da kowa ya shaida. 'Ya'yana biyu, namiji da ƙanwarsa. Namijin shi ne ɗan fari, kuma a gidanmu na Saulawa inda na tashi uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane. Na riƙe wannan alkunya har ina alfahari da ita. Yaron nan nake ce masa, ko in ce kai. Wata ranar kasuwa zare ya yanke mini, na aike shi bakin titi ya sayo, motar rake ta buge shi. Ko a zaman makoki ban yi kuka a bainar jama'a ba, har mata suna yaba haƙurina.

Ashe haƙurin a kan ƙanwarsa zai huce. Na hana ta fita. Na cire ta daga boko da Islamiyya, ko zaure ta nufa sai gabana ya faɗi. Yarinya mai surutu kamar rediyo ta koma leƙen yara ta kafar ƙyaure, har magana ta fara ɗauke mata. Maigidana ya yi lallashi, ya yi faɗa, an yi addu'o'i, Allah ya saka wa malamai da alheri, amma ƙafata na kan bakin ƙofa.

Ƙanwar maigidana, ma'aikaciyar jinya a Makarfi, ita ta haɗa ni ta waya da wani masanin damuwa, irin waɗanda magana ce maganinsu. Mutum ne mai ladabi. Ya ce hanyarsa ita ce mutum ya ba da labarin abin da ya same shi daki-daki har zafin ya ragu, sai ya nemi in fara da faɗin sunan marigayin. Ga ƙanwar miji zaune a gefena! Na ji kamar an yaye mini zane a kasuwa. Na kashe wayar, na rantse na gama da 'yan bokon da ba su san kunya ba. Damina ta zo ta wuce, yarinya na kulle.

Ƙanwar mijin nan ba ta yi zuciya ba. Wata rana ta zo karɓar ɗinki, ta tambaye ni ko don tela ɗaya ya ɓata mini atamfa zan daina sa kaya. Ta ce su ma masanan damuwar hannunsu daban-daban ne: wani tono baya yake yi, wani tunanin da ke tsorata ka yake bi yana sa ka gwada abin kaɗan-kaɗan, wani kuma tara masu ciwo iri ɗaya yake yi su ji juna. Ta ce ina da damar in yi tambaya kafin in yarda, in bai yi mini ba in canza. Wallahi ban taɓa sanin majinyaci na da wannan damar ba.

Muka je wani asibiti a Zariya wurin wata mata mai furfura. Na titsiye ta kamar mai taya akuya: ina ta koyi aikin, wace hanya take bi, wa zai ji sirrina. Ta amsa duka tana murmushi. Da muka zo kan yaron, sai ta tambaye ni yadda nake kiran sa, na ce yaron nan, ita ma ta ci gaba da cewa yaron nan. Nan zuciyata ta kwanta. Aikin da ta fara ba ni shi ne in bar yarinya ta tsaya a zaure ina ɗinki, in jure faɗuwar gaban har ta lafa. Daga nan sai in bar ta ta je gidan maƙwabta sayen ƙuli-ƙuli. Sau da yawa na kasa, na bi ta da gudu ba mayafi. Matar ba ta taɓa kushe ni ba.

Sai da yarinya ta koma makaranta na gane abin da ke cina. Yaron nan ya bar duniya bai taɓa jin sunansa a bakin uwarsa ba. Na faɗa wa matar, na yi kukan da ban yi a makoki ba, kuma ni da kaina, ba wanda ya nema, na kira sunan. Ashe mutumin farko bai yi kuskuren gano ciwon ba, hanyarsa ce ba tawa ba a lokacin.

'Yan'uwana, idan na farko bai dace da ku ba, kada ku yi fushi da maganin gaba ɗaya kamar yadda na yi, 'yata ce ta biya fushina. Ku tambayi hanyarsu, ku faɗa musu al'adarku tun a zaman farko. Ban raina alkunyar iyayenmu ba, shi ya sa ko a nan ban rubuta sunansa ba. Amma duk safiya idan ƙanwarsa ta rataya jaka ta kai zaure, nakan kira ta da sunanta da ƙarfi, ba don komai ba sai don ta waiwayo ta ji.