Piyanon da Ya Tsuma Mahauci

Ina da shekara saba'in da ɗaya na sayi kibod, irin wanda ba shi da murya sai an jona shi da kwamfuta. A unguwar Ogui, nan Enugu, na same shi. Na rungume shi a cikin keke mai ƙafa uku har gidana da ke unguwar Coal Camp ina ta dariya ni kaɗai, sai da mai keken ya waiwayo ya tambaye ni da Inyamuranci ko lafiya.

Piyano ba baƙona ba ne. A Kumasi na fara taɓa shi, lokacin da nake ɗinka wa makaɗan wani otal riguna. A Abidjan na ga masu buga shi a hankali kamar suna tsoron tada jariri, a Onitsha kuwa na ji ana dukansa ranar Lahadi kamar ya ci amanar wani. Amma ba don kaina na sayi wannan ba. Ina da amini makaɗin kalangu, Bakano, wanda ya yi wa mahauta kiɗa a kasuwar Oil Mill, ya yi a Onitsha, ya ƙare a nan Enugu. 'Ya'yansa sun matsa masa ya koma gida ya huta, kuma motar Asabar zai bi. Babu wanda ya taɓa naɗar taken fawan da yake kaɗawa, ban da guntayen da ake ɗauka da waya cikin hayaniyar kwata. Ni kuwa so nake in naɗe shi tsaf a ɗakina, piyanona na biye da shi.

Da na faɗa masa, sai ya kalle ni sama da ƙasa.

"Kai Bazazzagi, tsufa ne ya taɓa ka? Kalanguna ba ya zama da akwati."

"Kanawa dai ba ku san abin duniya ba sai awon atamfa."

"To ji nan. In akwatin naka ya tsuma mahauci, na yarda. In bai tsuma ba, ka bar ni in ɗaure kayana."

Mahaucin gado in ya ji takensa, jikinsa ne ke amsawa kafin bakinsa. Kafaɗu su fara rawa, ido ya kaɗa, ya miƙe yana kirari. Ba a yin abin da gangan, shi ya sa aminina ya tabbata ya gama da ni.

Ranar Talata ce. Na zauna gaban kwamfuta na shiga neman manhajar piyano, ashe kasuwa ce guda, ta fi babbar kasuwarmu ta Ogbete cika. Kowanne ana ba ka ɗanɗano kyauta, sai dai na gwajin yakan ɗauke murya ɗif bayan ɗan lokaci, ya yi shiru, sannan ya dawo, har sai ka saya. Na sauke wajen goma. Ina danna wannan ina tsalle zuwa wancan kamar yaro a shagon alewa. Uwargida ta leƙo ta ce, "Malam, tuwo ya huce." Na ce mata ta saurari wannan tukuna. Ta saurara, ta ce duk ɗaya ne, ta tafi da tuwonta.

Ba ɗaya ba ne. Na tace su suka koma uku, na kuma raɗa musu suna. Akwai Babban Alhaji, wanda in ka taɓa maɓalli ɗaya muryar sai ta zaga ɗaki ta dawo tana jan babbar riga, ya kusa cinye cikin kwamfutar. Akwai Amarya, mai zaƙi da ƙyalli kamar ana kaɗa kofunan gilashi. Sai Tsohuwa, wadda aka kwaikwayo daga wani tsohon piyano na jingina da bango. Muryarta gajera ce, busasshiya, har ana jin ƙwas-ƙwas ɗin katako. Don tausayi na bar ta. Zuciyata na wajen Babban Alhaji.

Alhamis bayan la'asar wanda zai yi mana alƙalanci ya iso. Maƙwabcinmu ne, tsohon mahauci Basakkwace da ya aje wuƙa saboda ciwon gwiwa. Muka gaisa, muka tambayi iyali da gajiya, ya zauna a kan tabarma ya miƙe ƙafa. Aminina ya jingine kalangunsa a bayan ƙofa, ya harɗe hannu. Na kafa makirufo na kunna naɗi, don ko dariyar da za a yi mini ina son ajiye ta.

Na fara da Babban Alhaji. Na bi taken da yatsu, yawanci a kan baƙaƙen maɓallai, inda waƙoƙinmu suka fi zama. Ɗaki ya cika. Mahauci ya gyaɗa kai.

"Malam, wannan ai na ɗaurin auren gwamna ne. Sai a kawo shinkafa."

Na koma kan Amarya. Bai bari na kai rabi ba.

"Wayar wa ke ƙara?"

Bakano ya faɗi a kan tabarma yana dariya, yana cewa in kawo masa igiyar ɗaure kaya. Saura Tsohuwa. Na yi bisimilla, na bar ladabin Abidjan, na dake ta irin dukan Onitsha.

Babban yatsan ƙafar mahauci ne ya fara motsi. Sai kafaɗar hagu. Ido ya kaɗa, hularsa ta zame gefe. Mutumin da sai an kama shi yake tashi, ya dafa bango ya miƙe, ya ɗaga hannu sama kamar da wuƙa a ciki, ya buɗe baki zai fara kirari.

A daidai nan Tsohuwa ta ɗauke murya. Ta gwaji ce, ban saye ta ba. Ina danna maɓallai, babu ko ƙwas.

Ba a yanke wa mahauci take yana tsakiyar tsuma. A wajen makaɗa abin kunya ne babba, kuma aminina bai taɓa yi ba tun yana saurayi. Ban ga lokacin da ya kai bayan ƙofa ba. Sai dai na ji kalangu ya ɗauka daga inda na tsaya, ya matse shi a hammata yana sa shi magana. Mahauci ya kece da kirari, yana kiran kakanninsa ɗaya bayan ɗaya. Can Tsohuwa ta farfaɗo, na faɗa cikinsu ina ihu. Uwargida ta rangaɗa guɗa daga tsakar gida. Matar da ke sayar da okpa, alalen gurjiya, a ƙofarmu ta leƙo ta taga tana cewa da Turancin buroka, "Papa, na wedding?"

Da muka tsaya, mahauci ya zube yana haki yana neman ruwa, ya ce gwiwarsa za ta kai ni ƙara gobe. Aminina ya share gumi da gefen rawaninsa, ya ƙi kallona.

"Ba don akwatinka na yi ba."

"Na sani."

"Ka ɗauka?"

Na kunna musu abin da na naɗa. Muka saurara mu uku, kawunanmu a haɗe gaban lasifika. Aminina ya sa na sake, ya kuma sa na sake.

"Rage ta kaɗan, tana rufe ni," in ji shi. "Kuma ka saye ta yau, kar ta sake ba ni kunya. Gobe da hantsi zan zo. Akwai taken maƙera da na 'yan dambe, ba zan hau mota da su a ciki ba."