Zoben da Kawu ya ciro a ƙafar tsuntsu

"Karanta mini, ke da kinka yi jami'a."

Kawu Ɗanjuma ne, yayan Innata, masunci a Wara. Ya ɗora mini ɗan zoben ƙarfe a tafin hannu. A ƙafar wani tsuntsun bakin ruwa ya cire shi, wanda ya mutu cikin komarsa. Lokacin ba a daɗe da ba mu jihar Kebbi ba.

Na ce masa lamba ce da adireshin wasu masu bincike a Turai. Suna sa wa tsuntsaye zobe don su san inda kowanne ya je, da inda ya ƙare.

Shekara biyu ke nan da kwalekwale ya kife da matarsa Hajo a hanyar kasuwa, ba a ga gawarta ba. Ofisoshin da ya zaga, ko sunanta ba a rubuta ba.

"To rubuta musu. Ki ce akwai mutum ma cikin ruwan ga, ba a gan ta ba. Tunda aikinsu na."

Na rubuta, har da sunanta.

Amsa ta zo da godiya mai kyau: inda aka sa wa tsuntsun zobe, shekarunsa, nisan da ya keto kafin ya iso mu. Hajo kuwa, ko layi ɗaya.

"Mi sunka ce a kanta?"

Na ce, "Suna dubawa, Kawu."

Har ya rasu yana tambayata ko sun sake rubutowa. Ban ga laifin Turawan ba, su nasu suke nema.

Da takardar a hannunku take, me za ku karanta masa?