Layukan gawayi a bangon Inna

Da aka dawo da Inna gida Ƙaura daga asibiti a Sakkwato, bayan an yi mata aikin ciwon daji a nonon dama, gidanmu ya koma tasha. Ina jin har kajin ƙauyen Banga sun zo dubiya. Kowa ya shigo, maganar ɗaya ce: “Kwanta, kwanta, kada ki motsa.”

Ni kuwa da kunnena na ji nas ta ce in Inna ba ta motsa hannun kullum, kafaɗar za ta sandare, ko kallabi sai an ɗaura mata. Ta nuna mana yadda za ta fuskanci bango, yatsunta su riƙa hawa a hankali, sannan ta ɗan zaga tsakar gida.

Sai dai akwai Gwaggo, yayar Baba, wadda ta taso daga Shinkafi don jinya. A wurinta, in 'yan dubiya suka tarar da majinyaci tsaye, an gama da mu, dangi marasa tausayi ke nan. Ruwa ma a baki take ba Inna. Kwana da kwanaki hannun na naɗe a ƙirji, ni ma na yi gum, don bakin Gwaggo ya fi barkono.

Wata safiya na ga Inna ta ɗaga hannu za ta ɗaura kallabi, hannun ya tsaya a hanya. Ta juyar da kai. Ranar ban tsokani kowa ba.

Washegari na tsayar da ita gaban bango, na ja layi da gawayi inda yatsunta suka kai. Sai ga Gwaggo.

“Ke ɗiyar ga, mi kike yi? Kashe ta za ki yi?”

“Bango muke dubawa, Gwaggo, shi ma kwana biyu bai da lafiya.”

Inna ta yi dariya har ta dafe ƙirji. Ta ce, “Yaya, bar ta. Kwanciyar ce ke cina.”

Layukan sun riƙa hawa, wani lokaci sati guda a wuri ɗaya, musamman in an dawo daga ƙarin ruwan magani. Gwaggo ta daina faɗa, amma ba ta taɓa kallon bangon ba.

Har yanzu muna zuwa Sakkwato. Amma ranar da Inna ta ɗaura kallabinta da kanta, a karkace ya zauna. Gwaggo ta miƙa hannu za ta gyara, sai ta fasa.