Ranar da Na Kashe Hajiya Mai Waakye

Ko zan manta komai a rayuwata, ba zan manta ranar da na kashe matar da nake haya a gidanta ba, alhali tana kasuwa tana cinikin wake.

Lokacin ina da wani shafi a intanet inda nake zuba labaran ƙirƙira: jiragen da ke zuwa duniyar taurari, aljanun ƙarfe, unguwar Nima bayan shekara ɗari biyu. Masu karanta ni ba su cika yatsun hannu ba, amma ina tafiya a lungunan unguwarmu Maamobi kamar wanda duniya ke jiran alƙalaminsa. Jarumar wani dogon labarina kuwa Hajiyar gidanmu ce sak, mai sayar da waakye, wato shinkafa da wake, a bakin titi. Sunanta na ɗauka, da unguwarta, har haƙorin Makkanta. Na mai da ita direbar jirgin da ke kai abinci duniyar wata. Ɗakin da ta ba ni, don ta san marigayiya uwata ne, kuma ba ni da wani wurin.

A babi na tara sai na ga ya kamata jaruma ta mutu. Don in nuna gwaninta, na buɗe babin da salon sanarwar rasuwa irin wadda ake turawa a wayoyin mutanen zango, wato unguwanninmu na Hausawa: Inna lillahi, sunanta, gidanta, za a yi jana'iza bayan azahar. Sai a layi na huɗu aka ce aljanun ƙarfe ne suka harbo jirginta. To wa ke kaiwa layi na huɗu a zango? Wani ya yanki saman ya tura, shi ke nan.

Kafin hantsi an kafa rumfa a ƙofar gida, an jera kujerun roba. Mata daga unguwar Kotobabi suna ta sauka daga motocin haya na trotro suna kuka. Na fito ina rantsuwa labari ne, wani dattijo ya dafa ni ya ce, "Yi haƙuri, ɗana, haka zafin rashi yake." Wayar Hajiya kuma a kashe, kamar kullum in ta shiga kasuwa.

Can sai ga ƙanenta daga unguwar Kanda riƙe da igiyar awo, shi da wani mutum. Bai tambayi inda gawa take ba. Ya tara mu 'yan haya ya ce kowa ya fara neman wuri, don za a sayar da gidan, sannan suka shiga auna tsakar gida.

Suna cikin awon tasi ta tsaya, Hajiya ta fito da buhun wake. Masu kuka suka watse, wata har ta bar takalminta. Ita kuwa ba ta kalli rumfar ba. Ƙanenta ta tsaya tana kallo, shi da igiyarsa, har ya sake ta ta faɗi.

Da la'asar ta kira ni. Na durƙusa na ce, "Hajiya, wallahi a wata kika mutu, ba a nan ba."

Ta ce, "Mutuwar ba ta dame ni ba, kowa zai yi ta. Amma ƙanen nan nawa ni na goya shi. Abin da na gani yau, Allah ya so ya ɓoye mini sai ba na nan, kai ka tona. Ba zan iya ganinka kullum ina tunawa ba. Ƙarshen wata ka ba ni makullina."

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Na koma kwana a shagon wani abokina a Tudu, wata biyar.

Har yau ina rubutu, ina kashe jarumai yadda na ga dama. Amma na koyi cewa mutumin da ke raye ba kayan labarina ba ne, don in na gama na rufe shafi, shi zai ci gaba da zama da abin da na jawo masa.