Dutsen Baba Maitama

Baba Maitama jikan maginan Zariya ne, kuma bai taɓa bari a manta ba. Yana saurayi aka tura shi Ingila koyon sassaƙar dutse, ya faɗa babbar majami'ar birnin Lincoln, wadda ta haura shekara ɗari tara a kan tudu. Girgizar ƙasa ta taɓa tsaga ta, mutanen garin suka sake ɗaga ta, kuma har yau ba a rasa magina a jikinta. Can ya gane cewa gini irin wannan ba a gama shi, miƙa shi ake yi daga hannu zuwa hannu. Ganye da fure kawai ya yarda ya sassaƙa, bai taɓa yin fuskar mutum ba.

Daga baya ya koma wani gari mai suna Lanham da zama, yana gyaran tsofaffin coci-coci. Ya tsufa yana yi wa gidajen ibadar wasu ado, shi ko nasa ɗakin haya ne a bayan kanti.

Da Musulmin garin suka tashi gina masallacinsu a 2012, hannunsa ya riga ya fara rawa. Abu ɗaya ya roƙa: a bar shi ya sassaƙa dutsen wurin tsayuwar liman, kyauta, kafin hannun ya ƙi gaba ɗaya.

Dakta Khalil, shugaban kwamiti, ya yi ta murza hula. "Baba, ka san mutane. Za a ce hannun da ya yi wa coci aiki ne."

"Likita, kai da kake yanka cikin kowa a asibiti, ka taɓa tambayar addininsa? Da hannun nan nake alwala tun ba a haife ka ba!"

Aka ba shi haƙuri, irin haƙurin da ake ba yaro. Suka yi wa wurin liman odar wani bakan ado na roba mai fentin zinariya, abin da ko gidan biki sai ya ji kunyarsa.

Maitama, da taurin kai, ya sassaƙa dutsen duk da haka, dagi ne, adon nan na maginan Hausa, zagaye da ganye. Shi ne aikinsa na ƙarshe, yanzu ko kofin shayi sai 'yarsa Afnan ta riƙe masa. Kwamiti ya karɓi dutsen da godiya, aka ajiye shi a bakin ƙofa wai kafin a yanke shawara.

Yana nan har yau. Duk Juma'a Baba Maitama kan tsaya yana kallon masu fitowa suna ɗora ƙafa a kai suna ɗaure igiyar takalmi.