Mika da Layin da Ba Nasa Ba

Mika ɗan Rikoto ne a garin Zuru, kuma in ka tambayi mutanen unguwarsu wane irin mutum ne, kafin su ce maka manomi ne za su ce maka yana da taurin kai. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, ba shi da yawan magana, amma in ya ce a'a, to ka nemi wuri ka zauna, don ba yau zai sauya ba. Ubansa tsohon soja ne, yayyensa biyu ma suna bariki. Shi ya ƙi kaki, ya ce fartanya ta ishe shi.

Da ya ga Theresa ya ce yana so, ubanta ya ce babu laifi, za a ɗaura aure a coci kamar yadda kowa ke yi, amma sai Mika ya yi golmo tukuna. Golmo shi ne noman da saurayi ke yi wa surukinsa shekara da shekaru, shi da sa'o'insa, kafin a ba shi mata. Samarin yanzu da yawa sun zame daga wannan wahala. Mika ya yi damina huɗu cur.

A gonar surukin nan hannunsa ya saba da wani abu da bai taɓa ɗauka a bakin komai ba. Kowane saurayi yana kama layinsa. Wanda ya riga kaiwa ƙarshe ba ya miƙewa ya nemi inuwa, sai ya dubi wanda aka bari a baya, ya shiga layinsa daga ɗaya bakin, ya yi ta nomowa har fartanyunsu su haɗu a tsakiya. Ba wanda ke kiran wannan taimako, balle a yi godiya. Haka ake noma, shi ke nan. Wanda ya gama ya zauna alhali ɗan'uwansa na duƙe, 'yan matan da ke kawo ruwa za su sa shi a waƙa, kuma waƙar za ta bi shi har tsufa.

Bayan an haifi 'yarsu Divine, gonakin bayan duwatsu suka gagari shiga saboda 'yan bindiga. Damina biyu Mika yana noma ɗan filin da bai isa ya ciyar da gida ba. Sai wani ɗan cocinsu ya nuna masa hanyar zuwa aikin gona a ƙasar Fotugal, da takardu na gaskiya. Ya sayar da shanun huɗarsa biyu, ya yi fasfo. Theresa ta ƙulla masa kuka, da busasshiyar kuɓewa, da yaji, da daddawa a leda uku cikin juna.

Gonar inabi aka kai shi. Tun yana yaro yake jin labarin gonar inabi a bakin fasto, bai taɓa ganin ko ganyenta ba, sai ga shi a tsakiyarta, layi bayan layi har kan tudu. Wannan ya yi masa daɗi. Abin da bai yi masa daɗi ba shi ne gidan da aka sauke su. Maza goma sha biyu ne har da shi, sauran daga Nepal, da Indiya, da Bangaladash, da Barazil, kicin ɗaya, firji ɗaya, kuma kowane kwano a firjin nan da sunan mai shi a jiki. Har ƙwai sai da wani ya rubuta wa suna. In an taso daga aiki, kowa ya ɗauki nasa ya juya wa ɗan'uwansa baya, yana ci yana kallon waya.

Sati guda Mika ya yi yana fama da burodi mai taurin da sai an jiƙa, da wani busasshen kifi da gishiri ya yi wa yawa. Ranar Lahadi ya ce ya isa. Ya samo garin masara a kanti, ya tuƙa tuwo, ya kaɗa miyar kuka, ya jefa daddawa ba tare da ƙyashi ba. Kafin miyar ta nuna an buɗe duk tagogin gidan. Wani ya toshe hanci ya fita waje. Mika ya ajiye kwano a tsakiyar tebur, ya ce musu da ɗan Turancinsa su zo su ci. Suka dube shi kamar ya ce su ba shi aron wando.

Washegari ya tarar an manna takarda a murfin tukunyarsa, an zana hanci an ja masa layi. Ya cire ta ya kunna wuta da ita. Abin ya ci masa rai ƙwarai, ba don daddawar ba, don kiran da ya yi aka ƙi amsawa. Amma bai fasa ba. Duk ranar da ya dafa sai ya ajiye a tsakiya ya kira, su kuma su yi kamar ba su ji ba.

A sati na uku wani ya amsa. Zainulabidin ne, mutumin Bangaladash, wanda ya girmi kowa a gidan, ya haura hamsin, gemunsa ya yi fari. Ya tambayi ko akwai naman alade a ciki, Mika ya ce babu. Sai ya wanke hannu, ya ja kujera, ya gutsuri tuwon da yatsu kamar a Zuru aka haife shi. Loma ta farko ya ɓata fuska. Ta biyu ya miƙa hannu ya ƙara yaji. Daga ranar suka haɗa tukunya: yau tuwo, gobe shinkafar Zainulabidin da wani irin ƙaramin wake mai barkono. Mika yana addu'arsa, dattijon yana bisimillarsa, su sa hannu a kwano ɗaya. Turancinsu duka biyun bai cika cokali ba, amma sun san sunayen 'ya'yan juna. Mika yana kiransa Baba.

Da lokacin tsinkar inabi ya zo, zafi ya sauko, aiki ya ninka. Kowa da layinsa, da almakashinsa, da kwandunansa. Heluma, wato shugaban leburori, wani Bature ne siriri mai hular rana, yana tsaye a bakin layuka yana duba wanda ya fito da wanda ya rage. Zainulabidin kuwa bayansa ya fara ba shi matsala. Yana duƙawa da ƙyar, yana miƙewa da ƙyar.

Ranar farko Mika ya riga kowa fita daga layinsa. Ya waiwaya, ya hango dattijon bai kai ko rabi ba. Bai yi wani tunani ba, ƙafarsa ce ta kai shi. Ya shiga layin daga ɗaya bakin, yana yanka yana zubawa a kwandon Baba, har suka haɗu. Yana fitowa heluma ya tare shi, ya ce wa ya sa shi. Mika ya ɗauka wasa ne, har ya yi dariya. Heluma bai yi ba. Ya ce a nan kowa layinsa yake yi, wanda ya gama ya je ya sha ruwa ya jira. Yana bukatar ya ga ƙarfin kowa da idonsa, don a ƙarshen kaka shi zai ba da sunayen waɗanda za a riƙe, kuma in aka rufe masa mai rauni ya riƙe shi, shi ma masu gona za su tambaye shi. Maganarsa ba ta rasa kan gado ba. Sai dai ga Mika abin da ya ji shi ne: ka tsaya da ƙarfinka kana kallon tsoho yana jan jiki a rana, don wani ya samu ganin faɗuwarsa da kyau.

Washegari ya sake shiga. Wannan karon heluma ya kira shi gefe ya yi masa magana a hankali, kalma ɗaya bayan ɗaya, don kada ya ce bai gane ba. In ya ƙara, babu sunansa a cikin waɗanda za a riƙe. Takardar zamansa a ƙasar kuwa da aikin gonar nan take rataye. In babu aikin, babu zama.

Ranar Lahadi bayan ya dawo daga wani ƙaramin coci da yake zuwa a garin, ya kira Theresa ya gaya mata. Sai ta buɗe masa wuta.

"Baban Divine, mi ya kai ka? Mutumin nan ɗan'uwanka ne? Ko yarenmu shina ji?"

"Kwano ɗaya muke ci."

"To ku ci kwanonku, kowa ya yi layinshi! Ka sai da shanu ka tahi. In an koro ka, da mi za ka yi huɗa? Da haƙori? Ka tuna da ɗiyarka."

"Ina tune da ita."

"Wurin nan ba gonar babana ba ce. Ba wanda zai sa ka waƙa."

Gaskiya ta faɗa, kuma ya sani. Shi ma Zainulabidin da ya ji abin da ke faruwa, ya kama hannunsa biyu ya roƙe shi da Allah ya bari. Ya ce shi ya tsufa, ko ba yau ba za a sallame shi, kada yaro ya jefar da abincin iyalinsa a kansa.

Mika ya ji. Kwana biyu ya gama layinsa ya je gindin motar ruwa ya tsaya tare da sauran. Kwana biyun nan sun fi damina huɗun golmo tsawo. Yana riƙe da gorar ruwa ya kasa sha, yana hango farin gemu yana ɓullowa yana nutsewa a cikin ganye. Sauran suna hira, wani har yana ɗaukar hoton kansa. A gida in sun zauna cin abinci, Mika ba ya iya ɗaga ido ya dubi mutumin da ke gabansa. Ya ji ya tsani kansa.

A rana ta uku zafin ya fi na kullum. Mutum goma sha ɗaya sun fito. Zainulabidin yana can tsakiyar layi, ya durƙusa a kan gwiwoyinsa don bayan ya ƙi duƙuwa, yana rarrafe daga kurangar inabi zuwa ta gaba. Heluma ya dubi agogo, ya dubi Mika. Kowa ma Mika yake kallo.

Ya ajiye gorar a ƙasa. Bai yi sanɗa ba, bai zagaya ta baya ba. Ta gaban heluma ya wuce, har kafaɗarsu ta kusa gogar juna. Heluma ya kira sunansa sau biyu. Mika ya juyo, Turancin ya gudu daga bakinsa gaba ɗaya, sai ya faɗa masa da Hausa, da ƙarfi yadda kowa zai ji: "Rubuta! Mika sunana, ka rubuta da kyau!" Ya shiga layin ya fara yanka.

Ba wanda ya bi shi, kada a yi ƙarya a ce an bi shi. Shi kaɗai ya yi ta yankowa, dattijon yana ɗaga masa hannu yana cewa ya koma, hawaye na bin gemunsa, har suka haɗu. Mika ya ɗaga shi tsaye, ya saɓa kwandon, suka fito tare.

Ƙarshen kaka aka kafa sunaye, babu nasa. Ya yi wata biyu yana neman wata gonar da za ta sa masa hannu a takarda, bai samu ba, kuma ya ce shi ba zai zauna ƙasar mutane yana ɓuya kamar ɓarawo ba. Ragowar kukarsa da daddawa ya bar wa wani ɗan Nepal da ya fara leƙa tukunyar a kwanakin ƙarshe. Ya hau jirgi ya dawo.

Theresa ta zo tashar mota a Zuru da Divine a hannu. Ta karɓi jakarsa, suka hau babur suka isa gida. Ta kawo masa ruwa, ta kawo tuwon dawa, ta zauna a bakin ƙofa tana kallonsa yana ci. Sai da ya kusa cinyewa ta yi magana.

"Tsohon hwa? An riƙe shi?"

"A'a. Shi ma babu sunanshi."

"To a banza ke nan. Shanu sun tahi, aiki ya tahi, shi ma ba ka cece shi ba."

Mika ya suɗe yatsunsa. "Ban je ceton shi ba, Maman Divine. Ban iya tsayuwar nan ba ne. Na gwada kwana biyu don ke, ban iya ba."

Ta tashi ta kwashe kwanon da ƙarfin da ya fi na kwashe kwano.

Yanzu Mika yana noma a gonar wani a hanyar Kanya, da fartanya, don bai mayar da shanun ba tukuna. Matasan Rikoto suna tsokanarsa, suna ce masa Baturen da aka koro, ya ce musu eh, shi ne, kuma da ƙafarsa ya je inda aka kore shin. Theresa har yau ba ta ce ya yi daidai ba, kuma duk sanda ta ga shanun wani suna huɗa sai ta yi kwana guda ba ta yi masa magana mai daɗi ba. Yana jin zafin wannan fiye da duk abin da heluma ya yi masa. Sau ɗaya ta ce masa ya dai buɗe baki ya ce ya yi kuskure, magana ta wuce. Ya daɗe yana kallonta, don yana sonta, kuma ya san kalma ɗaya ce za ta gyara masa gida. Sannan ya ce mata ta yi haƙuri, ta roƙi wani abin daban.